Jaririn Da Ya Koma Kafin Suna: Tsakanin Gwaji Da Sakaci

Gabatarwa

A ƙasar Hausa idan jariri ya rasu kafin ranar suna ba a cika cewa ya mutu ba, sai a ce ya koma. Mata su shigo su ce wa mai jego, "Allah ya sa mai ceto ne," maza su kai shi makwancinsa, kafin la'asar kowa ya kama harkar gabansa. Wannan magana tana da taushi, tana kuma sanyaya zuciyar uwa, amma tana rufe bakin wata tambaya wadda ya kamata a yi, watau me ya mayar da shi? Da zarar an yi wannan tambaya kuwa, to, an shiga fagen bincike, shi kuma bincike a kan jarirai yana tafe da tasa matsalar. Jariri ba ya magana, ba ya cewa na yarda ko na ƙi. Shin ya halatta likita ya gwada a jikinsa wata hanyar magani wadda shi kansa likitan bai tabbatar da amfaninta ba? In kuma an ce bai halatta ba, shin barin binciken ya fid da mu daga alhaki?

Domin kada maganar ta zama ta iska, za mu ɗora ta a kan cuta guda wadda ake haihuwar jarirai da ita, mu kuma auna ta da halin da ake ciki a Maska da ƙauyukan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi.

Ɓular shamakin ƙirji

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya ga wani faffaɗan tantani mai tsoka wanda ya raba ƙirji da ciki, huhu da zuciya suna samansa, hanta da tumbi da hanji suna ƙarƙashinsa. Mutum ma yana da wannan shamaki, kuma shi ne babban abin da ke jawo numfashi. Yakan gama haɗuwa tun ciki yana da wajen mako 8 zuwa 10. A wajen jariri ɗaya cikin kowane 3,000 sai haɗuwar ta ƙi cika, a bar ɓula, galibi ta gefen hagu daga baya. Wani masanin ƙirar jiki na birnin Firag mai suna Bochdalek ya yi bayanin wannan gurbi a 1848, shi ya sa har yau likitoci suke kiran ɓular da sunansa.

Ta wannan ɓula hanji da tumbi, wani lokaci har da saifa da hanta, suke haurawa cikin ƙirji tun ɗan yana ciki. Sai su tura zuciya gefen dama, huhu kuma ya tashi tsumburarre, jijiyoyin jininsa su yi kauri su ƙuntata. Muddin ɗan yana cikin mahaifa ba ya jin komai, domin mabiyiya ce take yi masa aikin huhu. Ranar da ya faɗo aka yanke cibiya, ran nan wahala take farawa. Sai a ga yana haki, leɓɓansa da harshensa sun yi shuɗi, cikinsa ya lotsa kamar kwale-kwale, ƙirjinsa ya ɗago. Duk kukan da ya yi yana haɗiyar iska, iskar ta kumbura hanjin da ke ƙirji, hanjin ya ƙara matse huhun. Wanda abin ya yi wa tsanani, in ba a kai masa ɗauki ba, da wuya ya ga wayewar gari.

Abin da tarihi ya koyar

A 1946 wani likitan fiɗa na birnin Boston a Amurka, Robert Gross, ya ba da labarin nasarar da ya samu ta ɗinke wannan ɓula a jikin jaririn da bai cika kwana guda a duniya ba. Daga nan likitoci suka ɗauki abin da hankali ya ba su: tun da hanji ne ya danne huhu, ai sai a yi maza a fiɗe jaririn a janye hanjin, huhu ya samu sarari. Shekara kusan arba'in ana koyar da haka a makarantun likitanci, ana garzayawa da jariri ɗakin tiyata ko da tsakar dare ne. Bayan fiɗa kuma sai a sa masa na'urar numfashi a buɗe ta da ƙarfi, don a cika shi da iska. Duk da haka wajen rabin jariran da abin ya kama su tun sa'o'in farko suna mutuwa.

Sai a cikin shekarun 1980 waɗansu likitoci a birnin Toronto na Kanada suka tsaya suka auna numfashin jarirai kafin fiɗa da bayanta, suka tarar sau da yawa fiɗar gaggawa ƙara dagula numfashin take yi. A Jami'ar Kolambiya ta birnin New York kuma, wani likita mai suna Jen-Tien Wung ya dage a kan a riƙa hura wa jariri iska a hankali, ko da awon jininsa bai yi kyau yadda ake so ba. Binciken gawawwakin jarirai ya nuna lalle ƙarfin na'ura yana yayyaga ɗan huhun da suke da shi. Ashe asalin matsalar tana ga ƙanƙantar huhu da ƙuncin jijiyoyinsa, ɓular kuwa tana iya jira. Aka juya tsarin ɗungurungum: a fara lallaɓa jariri ya natsu, a zura siririn bututu ta hanci a zuƙe iskar tumbi, a jira kwana biyu ko uku ko fiye, sa'an nan a yi fiɗa. A manyan asibitocin duniya yanzu wajen 70 cikin 100 ko fiye suna rayuwa.

To, mai karatu ya lura da wani abu a nan. Likitocin da suka yi shekara arba'in suna gaggawa ba mugaye ba ne, ba kuma jahilai ba ne, su ne gwanayen zamaninsu, kuma niyyarsu ceto ce. Amma kyakkyawar niyya ba ta hana sauri ya haifi nawa ba. Kowane jaririn da aka yi wa fiɗar gaggawa a waɗannan shekaru gwaji aka yi a kansa, sai dai ba a kira shi gwaji ba, ba a gaya wa iyayensa ba, ba a kuma jera sakamakon an kwatanta ba. Ke nan wanda ya ce kada a yi bincike a kan jarirai bai tsare su daga gwaji ba, ya dai bar su cikin gwajin da ba mai lissafinsa.

Hujjar masu tsoro

Duk da haka, wanda ya ji kalmar gwaji gabansa ya faɗi yana da hujja, musamman a nan Arewa. A 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta mamaye ƙasar nan, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, waɗansu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma sanƙarau ne ya yi kisan. Aka yi ta shari'a a Nijeriya da Amurka, har a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Ko ma yaya gaskiyar take, ɓarnar ba ta tsaya a kan yara 200 ba. Da aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, labarin Trovan yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi, cutar kuwa ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Binciken da aka yi ba bisa amana ba yakan cuci wanda aka yi a kansa, ya kuma toshe ƙofa ga duk mai binciken kirki da zai zo bayansa.

Akwai kuma hujja ta biyu wadda ta fi ta farko zurfi. Manomin Maska ya san gwaji sarai. Tun zamanin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, in aka kawo sabon irin masara ko na auduga daga Samaru, mai hankali ba ya shuke gonarsa duka da shi. Yakan ware ɗan yanki ya shuka sabon kusa da tsohon, kaka ta raba gardama. Wannan ita ce hikimar bincike gaba ɗayanta. Amma fa yankin da ya ƙi, asarar damina ɗaya ce, baɗi a sake. Ɗan mutum kuwa ba shuka ba ne. Ba a halicce shi don ya zama tsanin da waɗansu za su taka su kai ga sani ba, ko da sanin nan zai ceci dubu. Saboda irin wannan ne duniya ta kafa ƙa'idojin Nuremberg a 1947 bayan ta'asar likitocin Nazi, da sanarwar Helsinki a 1964, Nijeriya ma ta fitar da nata kundin ƙa'idojin binciken lafiya a 2007.

Yaushe gwaji yake halatta?

Tun da barin bincike cuta ne, yinsa ba bisa ƙa'ida ba kuma cuta ne, sai a nemi sharuɗɗan da za su raba halal da haram. Tarihin wannan cuta ya sake ba mu misalai biyu.

Likitoci sun lura cewa in aka toshe maƙogwaron ɗan tayi na ɗan lokaci, ruwan da huhunsa ke yi yakan taru ya buɗa huhun ya girma. A San Faransisko, Michael Harrison da abokan aikinsa suka gwada wannan dabara, suka raba mata masu ciki gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Da aka kai mace 24 sai aka tsayar da gwajin, aka buga sakamakon a 2003: cikin jarirai 11 da aka yi wa toshiyar 8 sun rayu, cikin 13 da aka bari sai bayan haihuwa 10 sun rayu. Watau dabarar ba ta ƙara komai ba, sai ma jawo haihuwar bakwaini. Mutumin da ya ba da shekarun rayuwarsa ga fiɗar ɗan tayi, shi ne ya sa hannu ya bayyana wa duniya haka.

Bayan shekaru, wata ƙungiya ƙarƙashin Jan Deprest na Jami'ar Leuven a Beljiyam ta sake gwadawa da kayan aiki mafi siranta, ana zura ɗan ƙaramin balan-balan a maƙogwaron ɗan tayi a cire shi kafin haihuwa, kuma ga waɗanda huhunsu ya fi ƙanƙanta. Da aka kai mace 80 nan ma aka tsayar, amma a wannan karo don amfanin ya fito fili. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna 40 cikin 100 sun rayu a ɓangaren balan-balan, 15 cikin 100 a ɗaya ɓangaren. Ba a kuma ɓoye cewa fashewar faya kafin lokaci da haihuwar bakwaini sun fi yawa ga matan da aka yi wa aikin ba.

Daga waɗannan za mu iya tsamo sharuɗɗa huɗu. Na farko, sai likita ya kasance da gaske bai san wace hanya ta fi ba. A nan ne kaɗai ƙuri'a take zama adalci, kamar yadda shari'a ta yarda da ita wurin raba gardama tsakanin masu haƙƙi daidai, alal misali mai mata biyu da zai yi tafiya da ɗaya. Wanda ya san maganin da ya fi, ya kuma hana wa jariri shi don ya cika lissafi, ya ci amana. Na biyu, sai a sa waɗansu masana dabam, waɗanda ba su da riba a ciki, su riƙa duba sakamako, da ikon tsayar da aikin ranar da gaskiya ta bayyana. Na uku, sai a faɗi sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Na huɗu, wanda shi ne mafi wuya a wurinmu, sai iyaye sun yarda, yarda ta sani.

Mu dubi yadda wannan sharaɗi na huɗu yake a ƙauye. Wadda ta ɗauki cikin wata tara tana kwance cikin jinin haihuwa, in kuma ɗan fari ne kunya ba za ta bar ta ta nuna damuwa a kansa a gaban surukai ba. Uban yana tsaye a baranda yana lissafin buhun masara nawa zai sayar. Kaka ce mai faɗa a ji, ita kuwa ba wanda ya kira ta. Sai a miƙo takarda da Turanci a ce a dangwala. Wannan dangwale ne, ba yarda ba ce. Yarda ita ce a zauna da uwa da uba, da wanda suke jin maganarsa, a gaya musu da Hausar da suke ji cewa ga abin da ke damun ɗansu, ga abin da aka sani, ga inda sani ya ƙare, kuma in sun ƙi ba za a rage wa ɗansu kulawa ko ƙwayar zarra ba. Likitan da zai iya buɗe baki ya ce wa talaka, "Baba, a nan mu ma ba mu da tabbas, shi ya sa muke son mu gwada," shi ne ya cancanci a ba shi amanar jariri.

Wane bincike ya kamace mu?

Wani zai ce, ina ruwan Maska da balan-balan na Beljiyam, alhali zazzaɓin cizon sauro da shawara da ciwon cibiya suna kwashe jarirai kullum? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba wanda zai ce a fara da abin da ya fi tsada. Amma akwai wani darasi a tarihin cutar wanda ya fi balan-balan kusa da mu.

A 1978 shi wannan Michael Harrison, da waɗansu likitocin ƙasar Norwe, suka bi diddigin jariran da aka haifa da ɓular, suka tarar da yawa sun mutu tun ba a kai su babban asibiti ba. Ke nan alƙaluman nasara da asibitoci suke bugawa na waɗanda suka iya jure hanya ne kawai. Suka kira wannan mutuwar ɓoye. In haka ta faru a Norwe, yaya ke nan a yankin da mafi yawan mata suke haihuwa a ɗaka a hannun ungozoma? Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna haihuwa 39 cikin 100 ne kawai ake yi a asibiti a Nijeriya, Arewa maso Yamma kuwa ba ta ko kusa da haka ba. Bisa lissafin ɗaya cikin 3,000, duk inda aka yi haihuwa 30,000 akwai jarirai wajen goma masu wannan ɓula. Jaririn da aka haifa a wani ƙauyen Maska da dare, kafin a samu mota zuwa Funtuwa, daga can a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ai sai wanda kwanansa ke gaba. Likitocin fiɗar yara da suka yi aiki a Zariya, irin su Farfesa Emmanuel Ameh, sun daɗe suna rubuta cewa jinkirin isowa da wahalar hanya suna cikin manyan abubuwan da ke kashe jariran da ke bukatar fiɗa. Wani babban bincike da aka buga a 2021, wanda ya haɗa asibitoci 264 a ƙasashe 74, ya duba cututtuka bakwai na haihuwa har da wannan, ya tarar wajen 40 cikin 100 suna mutuwa a matalautan ƙasashe, 20 a masu matsakaicin hali, ƙasa da 6 a masu arziki. Waɗannan ma waɗanda suka isa asibiti ke nan.

Abin mamaki shi ne addininmu ya riga littafin asibiti ƙidaya wannan jariri. Malaman Malikiyya, kamar yadda ɗaliban Risala suka sani, sun sanya kukan farko alamar rai: wanda ya faɗo ya yi kuka sa'an nan ya cika, ana yi masa salla, yana gado, ana kuma gadonsa. Shari'a ta ɗauke shi cikakken mutum ko da sa'a guda ya yi. Mu ne muka bar shi ba suna, ba lamba, ba dalili. Imani da ajali bai hana neman sababi ba, gama manomin da ya san arziki na Allah ne bai fasa zuba taki ba.

Wannan yanki kuwa ba baƙon irin wannan aiki ba ne. A shekarun 1970 an yi shirin binciken cututtuka na Malumfashi, tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, inda aka bi ƙauye ƙauye ana ƙidaya, har aka gane saran maciji ya fi abin da littattafan asibiti ke nunawa nesa ba kusa ba. A Zariya kuma Farfesa Kelsey Harrison, wanda suna kawai ya haɗa shi da na Amurka, ya rubuta bayanin haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979, ya nuna yadda mutuwa ta fi afka wa matan da ba su zuwa awo. Ba na'ura mai tsada aka yi waɗannan ayyuka da ita ba, alƙalami ne da takarda da haƙuri.

Saboda haka binciken da ya fara wajaba a kanmu ba ya bukatar a taɓa jikin jariri ko kaɗan. A rubuta kowace haihuwa da kowane komawa, a tambayi uwa da ungozoma cikin ladabi yadda abin ya faru. A auna ko hoton ciki da ake yi wa mata a Funtuwa da Malumfashi yana gano ɓular, domin wadda aka gano wa tun da ciki sai a shirya ta haihu kusa da likitan fiɗa, tun da babu motar da ta kai cikin uwa aminci ga irin wannan ɗa. A koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci cewa jariri mai haki da lotsattsen ciki ba a matsa masa iska ta fuska da jakar roba, bututun hanci yake bukata da iskar oksijin da ɗumi, sa'an nan a duba ko koyarwar ta rage mutuwa. Oksijin ɗin nan da wutar lantarki da ƙwararriyar nas da motar ɗaukar majiyyaci, su ne dai bakwaini da mai shawara da wanda ya sha wahalar naƙuda suke bukata. Wanda ya gyara hanya don jariri ɗaya cikin 3,000, sauran ma ta nan za su bi.

Kammalawa

A taƙaice, bincike a kan jariri yana halatta in rashin sanin likita na gaskiya ne, in akwai mai tsawatawa, in za a faɗi sakamako ko wane iri ne, in kuma iyaye sun yarda da idonsu biyu. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, aikin ya zama zalunci komai kyan manufarsa. Barin binciken kuma ba tsira ba ce, domin jariran da gaggawar likitoci ta ci a Boston da waɗanda shiru yake ci a ƙauyukanmu, rashin ƙidaya ne ya ci su duka.

'Yan'uwa ɗalibai, wannan aiki bai tsaya ga 'yan sashen likitanci ba. Takardar neman yardar iyaye, wa zai rubuta ta da Hausar da tsohuwa a Maska za ta ji ta gane, in ba ɗalibin Hausa ba? Wa zai tattara sunayen da ungozomomi suke kiran cututtukan jarirai da su, ya daidaita su da na likita? Wa zai samo wa gwaji da ƙuri'a da shamakin ƙirji kalmomin da ba za su firgita mutane ba, ba kuma za su yaudare su ba? Ranar da aka ce jariri ya koma, mu yi wa uwarsa ta'aziyya yadda muka gada, sa'an nan a samu wanda zai rubuta ranar, da sa'ar, da yadda numfashinsa ya kasance. Allah ya raya mana zuriya, ya ba masu jego lafiya, amin.